Me ya sa kullen korona ya fi taɓa wasu?

Ɗan'uwa ka ce gida ɗaya aka kulle mutane lokacin korona, wani damuwa ta kayar da shi wani kuma ko a jikinsa. Ni dai a ganina ba ragwanta ba ce. Wanda da ma ba ya jure rashin sanin abin da gobe za ta haifar shi ya fi shan wuya, don annoba ba ta sa ranar tafiya. Sai mai yawan saƙe-saƙe, ƙarfe biyun dare yana kan waya yana duba adadin mamata, tari ɗaya zai yi ya ce shikenan ta kama shi. Ga kaɗaici kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a shekarar farko ta korona fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100.