Amsa ga mai tambaya kan Sarabande ɗin Bach

'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da raina ya sosu. Kin ce Sarabande, wato kiɗan rawa mai tafiya a hankali da ke cikin French Suite na biyar (jerin kiɗan rawa na mai tsara kiɗa Bach), yana mutuwa a hannunki a kan piyano da zarar kin rage gudu, har kina tunanin taka feda, matakin ƙafa mai tsawaita sauti, ki rufe giɓin da ke tsakanin sautuka. Dakata tukuna.

Ciwon yana wajen bugu na biyu. Bugu uku ne, amma a na biyun nauyin rawar ke sauka. Ni malamin da na fara da shi bai taɓa gaya mini haka ba, metronom, na'urar ƙirga bugu, kawai yake ɗorawa kan piyano ya ce in ƙirga. Ranar da ya tara ɗalibai da iyayensu, ina tsakiyar kashi na biyu ya taso ya rufe murfin, saura ƙiris ya datse mini yatsu, ya ce, "Wa ya mutu ne?" Aka kwashe da dariya. Mahaifiyata tana layin gaba, ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Har yau in na zo wurin nan sai tafin hannuna ya yi gumi. Abin da bai koya mini ba, a kansa ya tozarta ni. Allah ya isa dai.

Ki tashi ki taka shi da ƙafa a ɗaki, ki ɗan jinkirta a taku na biyu. Rawa ce fa! Da can ma mai zafi ce, har aka haramta ta a Sifen a 1583, a fadar Faransa ta natsu.

Ki tuna hafsikod, kayan kiɗa mai kama da piyano na zamanin Bach, tsinkar tsirkiya yake yi, ko kin danna da ƙarfi sautin ba ya ƙaruwa sosai, don haka da tsawon sauti da ɗan numfashi tsakani ake magana. Tiril kuwa, wato kaɗa sautuka biyu maƙwabta bi da bi da sauri, ki fara shi daga sautin sama, haka Bach ya zana wa ɗansa Wilhelm Friedemann a littafin koyon kiɗa na 1720. In tiril ɗin yana karya miki tafiya, cire shi har mako guda. Hannun hagu ki buga shi kaɗai kina rera na dama da baki. Tun da sau biyu ake buga kowane kashi, zagayen farko ki bar shi kamar yadda aka rubuta, a maimaici ki ƙara kwalliya.

Feda kaɗan ba laifi ba ne, amma sai yatsu sun iya haɗa sautin da kansu. Don Allah ki naɗi kashin farko ki turo mana, zan saurara a daren nan in Allah ya yarda.