Kar ka taɓa yunwar nan

Kai yaro, wai 'yan wasa sun dame ka yunwa da sanyi na kashe su da wuri a gem ɗinka, shi ne kake tambaya ko ka sassauta ko ka buɗe musu ƙofar mod, wato gyare-gyaren da 'yan wasa ke yi wa gem da kansu. Ka fama min tsohon miki wallahi.

Wani mai kuɗi ya taɓa ɗauka ta na haɗa masa sabar Project Zomboid, wato wurin da mutane ke haɗuwa ta intanet su buga gem ɗin tsira daga zombi, na duƙufa na rubuta mod ɗin da yaren kwamfuta na Lua, na daidaita komai, abinci ƙaranci, zombi ya cije ka shi ke nan sai dai ka jira ajali, mutane na kwana a kai suna ɓoye gwangwanin wake a ƙasan gado. Sai wasu 'yan tsiraru masu baki suka fara kuka wai ya yi tsauri, mutumin ya kira ni tsakar dare wai a cika shaguna da bindigogi, a cire cutar cizon gaba ɗaya. Na ce Alhaji kar a yi haka, ya ce da kuɗinsa yake magana. Aka yi. Kafin ka ce kwabo sabar ta zama kufai, wanda ba ya tsoron mutuwa zaman me zai yi? Masu kukan ma su suka fara tserewa. Ƙarshe ya danne min cikon kuɗina wai aikina ne ya kori jama'a, ya kwashe kod ɗin ya ba ɗan ƙaninsa ya manna sunansa a kai. Har gobe ban yafe ba.

Ku 'yan yanzu mutum biyu su zage ku a Steam, kasuwar gem ta intanet, sai hankalinku ya tashi. Ka bar wahalar yadda ka tsara ta, mai son sauƙi ka ba shi saiti ya rage wa kansa, haka masu gem ɗin Valheim suka yi a 2023, kowa ya zaɓi abin da zai rasa in ya mutu. Lissafin yunwa kuwa ba zan tsaya koya maka ba.

Mod ka buɗe, gem ɗin DayZ ma ai asalinsa mod ne na gem ɗin Arma 2 da Dean Hall ya yi a 2012, amma ka riƙa sanar da masu yi wa gem ɗinka mod kafin ka saki sabon gyara, in ba haka ba aikinsu zai wargaje su juyo kanka. Kuma kar na ji ka ƙara wata dabba a gem ɗin nan alhali har yanzu yana goge wa mutum sansanin da ya ajiye, je ka gyara wannan tukuna.