Ɗana mai jifa ne a besbol amma ba ya cin wasa, wa zan saurara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Bronx da ke New York. Ɗana mai shekara 16 shi ke jifa a ƙungiyar besbol ta makarantarsu, kuma a kakar bana rashin nasarar da aka rubuta masa ya fi nasara yawa. Maƙwabcina da ya tsufa a kallon wasan ya ce yaron ba shi da zuciya, a riƙa barinsa a fili har ƙarshen wasa ya koyi juriya. Yayan yaron kuma ya ce wannan tunanin mutanen zamanin da ne, yana ta kawo mini wasu lissafe-lissafen auna ƙwazon ɗan wasa, wai ERA da FIP da WAR. Hankalina ya tashi, domin yaron ya sa rai da gurbin jami'a ta wannan hanya.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka. A kan wannan magana babban ɗanka ya fi maƙwabcinka gaskiya, shawarar maƙwabcin kuwa tana iya nakasa hannun yaro.

Kullum sai na yi fama da masu auna mai jifa da yawan nasarar da aka rubuta masa, har abin ya ishe ni. Mai jifa, wato wanda ke jefa wa mai sanda na abokan hamayya ƙwallo, aikinsa hana maki. Ba shi ke sa 'yan ƙungiyarsu su bugi ƙwallo ba, ba shi ke riƙe da safar hannun wanda ƙwallo ta suɓuce wa a bayan fili ba. To don me za a ɗora masa laifin mutum takwas?

Ranar 26 ga Mayun 1959, Harvey Haddix na Pittsburgh Pirates ya yi zagaye 12 cur babu ɗan Milwaukee Braves ko ɗaya da ya taka sansanin farko. Mutum 36 suka zo gabansa da sanda, duk suka koma benci. 'Yan ƙungiyarsa suka kasa ciyo masa maki ko guda. A zagaye na 13 mai tsaron sansani na uku ya yi kuskuren jifa, wasa ya lalace, aka rubuta wa Haddix rashin nasara. A je a gaya mini wannan bawan Allah ba shi da zuciya!

A 1987 Nolan Ryan ya fi kowa ƙarancin ERA (matsakaicin makin da ake ci a hannun mai jifa a zagaye tara) a rukunin National na babbar gasar ƙwararru ta MLB, 2.76, amma ya gama da nasara 8, rashin nasara 16. Masu jefa ƙuri'ar kyautar Cy Young, wadda ake ba gwarzon mai jifa na shekara, su ma sun daɗe cikin wannan duhu. A 1990 sun ba Bob Welch saboda nasara 27, alhali ERA ɗinsa 2.95 ne, na Roger Clemens kuwa 1.93. A 2010 ne suka nuna sun farga, suka ba Felix Hernandez na Seattle mai nasara 13 da rashin nasara 12, suka bar CC Sabathia da nasararsa 21. Ƙungiyar Hernandez maki 513 kacal ta ci a duk kakar, babu wadda ta kai ta rauni wajen bugu. Nan garinku kuma, a 2018, Jacob deGrom na Mets ya lashe kyautar da nasara 10, rashin nasara 9, ERA 1.70, kuma 29 cikin masu ƙuri'a 30 shi suka sa a gaba. Manya sun bar wannan ma'auni, amma har yau ana cusa wa yara shi.

Ga inda haɗarin yake. Kocin da ke farautar nasara, ko uban da ke tsaye bayan raga yana ihun “a bar shi ya ƙarasa”, su ke sa yaro jifa bayan ya gaji. Kana iya gani da idonka: gwiwar hannu ta fara saukowa, ƙwallo tana tashi sama, yaro yana yarfa hannu tsakanin jifa da jifa. A nan jijiyar gwiwar hannu ke cin wuya. Idan ta tsinke sai tiyatar da ake kira da sunan Tommy John, mai jifan da likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974, kuma jinyarta ta kan ci shekara ko fiye. Masu yaɗa cewa tiyatar tana ƙara ƙarfin jifa kuwa, su ji tsoron Allah, ƙarya ce. Ƙa'idar Pitch Smart da hukumar MLB da USA Baseball suka fitar ta ce ɗan shekara 15 zuwa 16 kada ya wuce jifa 95 a rana, idan kuma ya kai 76 sai ya huta kwana huɗu.

Shi ma yayan nasa ya sassauta. An gina WAR, wato ƙiyasin nasarorin da ɗan wasa ke ƙara wa ƙungiyarsa, don ƙwararru ne masu wasa 162 a kaka, kuma ko a can shafukan ƙididdiga na FanGraphs da Baseball-Reference kan ba mutum ɗaya lamba daban-daban. Wasannin sakandare sun yi kaɗan a yanke hukunci da ita. Ido ma yana da aikinsa, domin shi ke ganin yadda yaro ke taku da yadda yake yi bayan an buga masa ƙwallo waje.

Abin da za ka duba shi ne mutum nawa yake fitarwa bayan sun kasa bugun jifansa sau uku, mutum nawa yake bari su tafi sansanin farko kyauta, da sau nawa ake fitar masa da ƙwallo bayan katanga. Waɗannan ne ginshiƙin FIP, ma'aunin da ke duba aikin mai jifa shi kaɗai, kuma su ne a hannunsa. Masu zaɓen 'yan wasa na jami'o'i sun fi kula da su, da ƙarfin jifa da iya saiti, a kan nasarar takarda.

Alhaji, ɗan nan amana ne a hannunka. Ka tafi fili da biro da takarda ka riƙa ƙirga jifansa da kanka, har da wanda yake yi wa wata ƙungiya a ƙarshen mako, don koci ɗaya bai san abin da ɗayan ya sa shi ba. Idan ya ce gwiwar hannu ko kafaɗa na ciwo, ya ajiye ƙwallo a ranar, ku nemi likitan ƙashi.