Tambayi Anti: Duk Babbar Sallah sai cikina ya ɓaci

Tambaya: Salamu alaikum Anti, don Allah ki taimaka min. Duk shekara in an yi layya sai cikina ya kumbura, ga ƙwarnafi da dare, bayan gida kuma sai da wahala. Maigida jar kanwa yake jiƙa muna amma abun bai bari ba. Mi za ni yi bana? Daga wata 'yar uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ba naman ne ke da laifi ba, yadda muke cin shi ne. Ki duba ranar Sallah a gidajenmu, tun ana fiɗa an ɗora kayan ciki a wuta, hanta da ƙoda da tumbi suna soyuwa cikin kitse, ke da ke juyawa kina ɗauka kina jefawa baki, ga tareni can waje yana gasuwa, gobe a rarraba a sake soyawa, daga safe har dare baki bai huta ba balle ciki. Shi kuma kitse ya fi kowane abinci daɗewa a ciki kafin ya wuce, kuma yana sassauta ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da ciki, shi ya sa ruwan tsamin nan ke tasowa har wuya.

To ki sa wa naman lokaci. Ki zuba naki a faranti ki zauna ki ci, ki tauna sosai, don sai an yi kamar minti 20 kafin jiki ya gaya miki kin ƙoshi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ma ai kashi uku ya raba ciki, abinci da abin sha da numfashi.

Wanda na fi so ki riƙe kuwa shi ne ganye. Nama ba shi da dusar nan da ke tura bayan gida, ko kaɗan, to in kika kwana biyu daga nama sai masa sai shinkafa dole ciki ya ɗaure. Ki yi kwaɗon zogale ko na rama, ki yanka kabeji da kokwamba da tumatir, da dare ki yi tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ki saka tsoka kaɗan. Ruwa kuma ki yi ta sha, kin san zafin garin nan ga tsayuwa gaban wuta. Lemun kwalba ki rage, iskar da ke ciki ce ke ƙara kumburin, gara hura da nono ko shayin citta mara sukari da yawa.

Kada ki ci ki kwanta, ki bari a yi awa 2 zuwa 3, ki ɗan taka ko a tsakar gida ne, in za ki kwanta ki juya ɓangaren hagu ki ɗaga kai, yana rage ƙwarnafi.

Maganar kanwa, a yi haƙuri a bar ta, gishiri ne a cikinta mai yawa, mai hawan jini ko ciwon ƙoda za ta cuce shi. Naman da ya kwana ba a cikin firji ba ma a sake soya shi ya yi zafi har ciki, in ya sake wari a zubar.

Amma in kika ga bayan gida baƙi ƙirin, ko amai da jini, ko ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo, ko ƙirji ya ɗaure yana sauka hannu, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki tafi asibiti a ranar ko da Sallah ce.