Daskarewa Daban, Mutuwa Daban: Amsoshin Wannan Mako

Wani mai shagon buga takardu a Garwa ya rubuto cewa kwamfutarsa "ta mutu" sau biyu a wata guda, yana tambaya ko Hausa na da kalmar da ta fi wannan dacewa, kuma ko ya gyara da kansa ko ya kai wa mai gyara.

Alhaji, abin da ya mutu ba ya mutuwa sau biyu. Wannan kalma mun ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta, ita da "ta yi fan" da muka aro daga Faransanci. Mota ta yi fan, waya ta yi fan, kwamfuta ta yi fan, mai gyara kuma sai ya yi ta lalube, kai kana biya. Alhali Hausa ta rarrabe waɗannan abubuwa tun kafin a ƙera na'urar.

Idan hoto na nan a kan allo amma komai ya tsaya cak, ka motsa linzami bai motsa ba, ta daskare ke nan, yadda man shanu ke daskarewa da hunturu. Sandarewa ma ta yi, daga sanda aka samo ta. Wannan naka ne, ba na mai gyara ba. Ka ɗan jira, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, jerin manhajojin da ke aiki zai fito, ka rufe manhajar da ta cije. In ta ƙi, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 har ta ɗauke, ka sake kunnawa. Idan kuwa wajen tashi take tsayawa, tambarin Windows ya fito yana ta juyi bai wuce ba, sai mu ce ta maƙale, domin maƙalewa a hanya ake yinta. In ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, Windows kan buɗe shafin gyara da kansa. Daga nan ka nemi abin da kwamfutocinmu masu Faransanci ke rubutawa Mode sans échec, inda na'urar ke tashi da abin da ya zama dole kaɗai, ka cire manhajar da ka sa a baya-bayan nan. Sau da yawa ita ce mai laifin.

Sai ɗaukewa, wato tana cikin aiki ta kashe kanta. A garinku, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, fara zargin zafi da ƙurar da hunturu ya bari. Kai hannu bakin ramin iskar da ke gefenta: in fanka na ta gurnani amma iskar da ke fita ba ta taka kara ta karya ba, ƙura ta toshe. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma. Mutuwa kuwa ita ce ka danna, ba fitila, ba motsi, ba ƙara. Ko a nan ma gwada wata caja tukuna, domin wutar da ke zuwa tana komawa takan fara cin caja kafin na'ura.

Ina takaicin yadda matasa ke barin wannan dukiya suna cewa "ta plante" ga kowace irin matsala. Ba aron ne ke damuna ba, kwamfuta ma ai aro ce. Abin da ke damuna shi ne a yar da kalmomi huɗu masu aiki a ɗauki ɗaya mai rufe bayani.

Wata malamar makaranta daga Marwa ta tambayi sunan allon nan mai launin bula da ke fitowa da rubutu. Malama, shuɗin allo ya wadatar. Windows ne ke tsayar da kansa idan ya ci karo da kuskuren da ba zai iya wucewa ba. Ɗauki hoton rubutun da wayarki kafin ya ɓace, domin lambar kuskuren na ciki. Kuma kada ki ɗauka ke kika ɓata. Ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa guda ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 cikin wannan hali, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi.

Ɗalibi daga Ngaundare yana son ma'anar "gyaran gangar Auzinawa". Ɗana, Auzinawa su ne Abzinawa, mutanen ƙasar Abzin ta wajen Agadas, kuma ana faɗin maganar ga gyaran da ya bar abu ya fi da lalacewa. 'Yar'uwarta ita ce "garin neman gira a rasa ido". Ka ce abokinka ya ba ka shawarar ka "fomate" kwamfutarka da kanka. Fomatewa shafewa ce: manhaja za ta dawo sabuwa, amma kundin bincikenka da hotunanka sun tafi. Kwashe su a filash tukuna. Akwai kuma wuraren da hannunka bai kamata ya kai ba sam. In ka ji faifan ajiya na ƙas-ƙas, ko batir ya kumbura har ya ɗaga murfi, ko ka ji ƙauri, ko shayi ya zube a ciki, kashe ta, cire caja, ka kai wa wanda ya iya. Faifan da ke wannan ƙara, duk kunnawar da ka ƙara yi masa tana rage abin da za a iya cetowa. In ka je, faɗa masa ƙarara cewa kada ya shafe komai sai ya tambaye ka.

Wani daga Kusuri ya tambaya: ɓaci ko lalacewa? Duka Hausa ne, sai dai a kunnena lalacewa ta fi nauyi.

Daga Injamena, wani ɗan kasuwa ya ji haushi don mai gyara ya ce masa Windows 10 ɗinsa ya tsufa, yana tambayar karin maganar da zai mayar masa. Ɗan'uwa, ba ni da ita, ta mai gyaran nake da: "gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Gaskiya ya faɗa maka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Koma ka tambaye shi ko na'urarka za ta ɗauki Windows 11, da abin da aikin zai ci.