Abin da Shago Ba Zai Koya Maka Ba

Ɗana, jiya bayan la'asar, muna cikin daidaita wa mai kantin kayan masarufin nan lissafinsa, ka tambaye ni ko akwai amfanin ka nemi gurbin karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, alhali a shekara biyun da ka yi a shagon nan ka iya Word da Excel har kana koya wa wasu. Ban ba ka amsa ba saboda baƙo yana zaune, kuma tambayar ba ta tsaitsaye ba ce. Ga amsata a rubuce, ka karanta a natse, ka kuma nuna wa mahaifinka.

Ina so ka je. Sai dai in ka je da niyyar a ƙara nuna maka inda za ka danna, ka yi asarar kuɗin makaranta, domin hannunka ya riga ya faɗa. Abin da ya rage maka shi ne sanin yadda bayani ke tafiya a cikin kasuwanci, tun daga shigowar kaya sito har zuwa ranar da mai dukiya zai zauna ya tambaya ko uwar kuɗinsa tana nan. Wannan shi malamai ke kira tsarin sarrafa bayanai, kuma kwamfuta ɓangare ɗaya ce kawai a cikinsa. Sauran su ne mutanen da ke rubutawa, da ƙa'idar da suke bi, da bayanin kansa.

Bari in ba ka labarin kuskuren da ya buɗe mini ido. Farkon kama sana'ar nan, wani dillalin kayan gyaran mota ya ba ni littafin bashinsa in mayar masa cikin Excel. Na kwafe shi tsaf, layi bayan layi, na yi murna da kyan aikina. Da ƙarshen wata ya nemi jimillar abin da yake bin wani babban abokin cinikinsa, na tace sunan, na faɗa masa adadi, shi kuwa ya ce sam bai kai rabi ba. Shi ne da gaskiya. Yaran shagonsa uku ne, kowa da yadda yake rubuta sunan mutumin: wannan ya sa Alhaji a cike, wancan ya taƙaita, na ukun ya rubuta laƙabinsa da sunan unguwarsu. A wurin kwamfuta mutum uku ne. Kwana biyu na yi ina bin layuka da ido, kuma na kusa haɗa mutane biyu masu mutunci rigima a kan kuɗi.

Maganin wannan matsala an daɗe da samo shi, ni ne ban sani ba. A 1970 wani masani a kamfanin IBM, Edgar Codd, ya fitar da tsarin da yawancin rumbunan bayanai, wato ma'ajiyar bayanai a kwamfuta, ke tafiya a kansa har yau. Gundarinsa shi ne a rubuta kowane bayani sau ɗaya a wuri ɗaya. Abokan ciniki suna da jadawalinsu, kowa da lambarsa wadda ba ya tarayya da kowa a cikinta. Kaya suna da nasu jadawalin. Ciniki kuma yana da nasa, inda ake sa lambar mutum da lambar kaya maimakon a sake rubuta suna. In mutum ya canza lambar waya, wuri ɗaya za a gyara. A makaranta za a zaunar da kai zango guda a kan wannan, a koya maka yaren SQL da ake yi wa rumbu tambaya da shi, a sa ka zana jadawalai a takarda kafin ka taɓa na'ura. Ni a shago ba ni da lokacin yi maka haka, domin kullum akwai mai jiran aikinsa.

Ko Excel ɗin ma akwai ramukan da sai an haska maka su. Ka ga yadda yake cinye sifilin farko na lambar waya ko lambar asusun banki in ba a gaya masa rubutu ba ne, da yadda, in adadi ya yi tsawo, yake mayar da duk lambar da ta biyo bayan ta 15 sifili. Ka kuma ga yadda kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka ke karanta 3/4 a matsayin 4 ga Maris, mu kuwa muna nufin 3 ga Afrilu. Kai ka san gyaran waɗannan saboda na nuna maka, amma ba ka san dalilinsu ba, kuma wanda ya san dalili shi ke gane matsalar da ba a taɓa nuna masa ba.

Abu na biyu da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne darasin akanta, ko da kwas ɗinka bai matsa a kansa ba. Manhajojin lissafin kuɗi irin su QuickBooks da Sage duk an gina su ne a kan tsohuwar ƙa'idar shigar da kowane ciniki a gefe biyu, wadda masanin lissafi Luca Pacioli ya bayyana a rubuce a birnin Banis na Italiya tun 1494. Wanda bai fahimci dalilin da ya sa sayar da buhun shinkafa bashi ke rage kayan sito ya kuma ƙara abin da ake bin mutane ba, zai saita manhaja ta riƙa fitar da rahoto mai kyan gani wanda ba gaskiya a cikinsa. Haka harajin VAT, da ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020: in an saita shi ba daidai ba, kowane rasit da aka buga daga ranar ya tafi da kuskure.

Sai amana. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, 'yan kasuwa da yawa, daga Kasuwar Sheikh Gumi har Kawo, sun koma karɓar kuɗi ta POS da tiransifa, don haka sunaye da lambobin jama'a sun taru a hannun irinmu. Akwai dokar kare bayanai ta 2023 da ta hau kan duk mai riƙe da su. Dole ka koyi tsara wanda zai iya ganin me, yadda yaron kanti zai shigar da ciniki amma ba zai iya goge na jiya ba, da ajiye kwafi a wuri na biyu, tunda ka san halin wutarmu.

Game da hanyar shiga, za ka bi ta JAMB, da kiredit ɗin da makarantar ke buƙata, har da Lissafi. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, da 'yan watannin SIWES, wato horon ɗalibai a wurin aiki, a tsakani, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki kafin babbar difloma. Hukumar NBTE mai tsara manhajar karatun, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, ta raba babbar difloma ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu a 2024, kuma ɓangaren gina manhaja da shafukan intanet shi ya fi kusa da aikinmu. Wannan zaɓi yana gaba tukuna.

Sharaɗina ɗaya ne: kada ka bar shago. Na sha karɓar masu takarda da suka haddace ma'anar rumbun bayanai amma ba su iya zama da ɗan kasuwa su tambaye shi wa ke karɓar kaya, wa ke ba da bashi, wa ke riƙe mabuɗin sito ba, kuma daga waɗannan tambayoyin ake fara kowane tsari. Duk ranar da ba lakca ka zo, duk abin da aka koya maka ka gwada shi a kan aikin gaske. Ranar Asabar ka kawo sakamakon jarrabawarka in duba, sannan mu koma wurin mai kantin nan. Wannan karon kai za ka yi masa tambayoyin, ni zan zauna in saurara.