Tambaya da Amsa: Sabon Aiki da Jarrabawar Kwamfuta, Wanne Zan Sa Gaba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mazaunin unguwar Yantala a Yamai. Makonni uku ke nan da na fara aiki a sashen kula da kwamfutoci na wata ma'aikata mai zaman kanta, inda ake kirana idan na'urar buga takardu ta ƙi aiki, ko intanet ta yanke, ko wani ya manta kalmar sirrinsa. Kafin in samu aikin na fara shirin jarrabawar CompTIA A+, ta neman shaidar ƙwarewa a gyara da kula da kwamfuta, amma yanzu sai bayan magariba nake isa gida, kuma da na buɗe littafi barci ke kwashe ni. Wasu abokaina sun ce in bar A+ in nufi CCNA, jarrabawar kamfanin Cisco kan hanyoyin sadarwa, wani kuma ya turo mini tambayoyi ta WhatsApp ya ce su ne ke fitowa. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan aiki. Abin da na lura da shi a wasiƙarka shi ne ka ɗauki aikin da karatun tamkar kishiyoyi masu rabon kwana, alhali kuwa abin da A+ ke tambaya shi ne abin da ake kiranka a kansa tun safe har la'asar. Ita kanta CompTIA, ƙungiyar da ke shirya jarrabawar, shawararta ita ce mai zama jarrabawar ya kasance ya yi kamar watanni 12 yana taɓa na'urori da hannunsa, to kai ga shi ana biyanka albashi domin ka taɓa su.

Bari in ba ka misali. Sakatariya ta kira ka ta ce intanet ta ɗauke a wurinta ita kaɗai. Ka zauna, ka buga ipconfig, umarnin da ke nuna bayanan sadarwar kwamfuta, sai ka ga adireshin kwamfutar ya fara da 169.254. Wannan lamba na nufin kwamfutar ta nemi adireshi daga DHCP, tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi, ba ta samu ba, sai ta raɗa wa kanta, saboda haka ka duba waya, ka duba ramin da aka soka ta a bango, kafin ka ɗora wa kamfanin sadarwa laifi. Wanda ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya tarar mai shara ce ta fizge wayar da tsintsiya ta mayar da ita wani rami daban ba zai sake manta ma'anar 169.254 ba, ko da an tashe shi daga barci. Don haka ka sayi ƙaramin littafin rubutu ka riƙa sa shi a aljihu, kowace matsala ka rubuta alamarta, da abin da ka zata, da abin da ya gyara ta, sannan a ƙarshen mako ka ɗauko jerin darussan da CompTIA ke rabawa kyauta a shafinta, ka yi wa abin da ka riga ka gani alama. Guraben da suka rage babu alama, su ne karatunka.

Game da jarrabawar kanta, takardu biyu ce, Core 1 da Core 2, kuma sai ka ci duka biyun ake ba ka shaida. Kowace ba ta wuce tambayoyi 90 a cikin minti 90, ana cin ta farko da maki 675 cikin 900, ta biyu kuma da 700. A shekarar 2025 aka fito da sabon zubi mai lamba 220-1201 da 220-1202, don haka ka duba lambar da ke bangon littafinka kafin ka ƙara ɓata dare a kansa, domin tsofaffin littattafai na yawo hannu zuwa hannu a garin nan. Shaidar tana aiki shekara uku, daga nan sai a sabunta.

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu ƴan Nijar musamman, wadda ban ga ka ambata ba. Kwamfutocin ofisoshinmu da Faransanci suke magana, allon rubutunsu ma AZERTY ne, wato jerin haruffa irin na Faransa, amma mafi yawan littattafai da darussan bidiyo na wannan jarrabawa da Ingilishi suke. Na sha ganin ƙwararren mai gyara ya tsaya cak a gaban tambaya, ba don bai san amsar ba, sai don bai gane sunan abin da yake buɗewa kullum ba. Maganin wannan shi ne ka saka VirtualBox, manhaja ta kyauta da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin taka, a kwamfutarka ta gida, ka girka Windows na Ingilishi a ciki, duk abin da ka yi a ofis da rana ka maimaita shi a can. Idan kuma kana son ganin cikin na'ura ba tare da fargabar lalata kayan ma'aikata ba, tsohuwar kwamfuta ta hannu ta isa ka kwance ka ɗaura har hannunka ya faɗa.

Batun lokaci kuwa, ka daina kokawa da barcin dare. Minti arba'in bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, sun fi awa biyu na gyangyaɗi bayan isha'i. Watanni ukun farko ka bar wa aikin, domin a cikinsu ne shugabanka ke auna ka, daga nan ka tsayar da ranar Core 1 ka biya, don karatun da ba shi da rana ba ya ƙarewa.

CCNA shaida ce mai daraja, amma ta masu kula da hanyoyin sadarwa ce: jarrabawa ɗaya mai lamba 200-301, minti 120, kuma idan ka wuce tambaya ba ka komawa kanta. Lokacinta zai zo, kuma Packet Tracer na Cisco, manhajar koyon haɗa hanyoyin sadarwa, yana nan kyauta ranar da ka shirya. Sai dai mutumin da aikinsa na yau shi ne na'urar buga takardu da kalmar sirri, A+ ce ta yi daidai da teburinsa.

Tambayoyin WhatsApp ɗin nan ka goge su. Idan da gaske daga ɗakin jarrabawa aka sato su, dokar CompTIA ta ba ta damar soke shaidar wanda ya yi amfani da su, idan kuma na bogi ne, to amsoshin kuskure za ka haddace. Ga shi kuma akwai tambayoyin da ake ba ka matsala a kan allo ka gyara da kanka, waɗanda hadda ba ta fitar da mutum a cikinsu. Kuɗin kowace takarda ya haura dala 200, dalar Amurka nake nufi ba tamu ta kasuwar Wadata ba, wato sama da jika ɗari, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya.

Kamfanin Pearson VUE ne ke gudanar da jarrabawar, ko dai a cibiya ko daga gida ta intanet, inda mai sa ido ke kallonka ta kyamara kuma ba a yarda kowa ya shigo ɗakin ba. Idan daga gida za ka yi, ka guji watannin Afrilu da Mayu da wuta ke yawan ɗaukewa, ka cika batir, ka gwada layinka da manhajar gwajin da suke bayarwa tun kwanaki kafin ranar, kuma ka tabbata sunan da ka yi rajista da shi ya yi daidai harafi da harafi da wanda ke kan takardar shaidarka. Ka sanar da mutanen gida tun da wuri, don kada ƙanenka ya turo ƙofa da kwanon abinci kana tsakiyar tambaya ta arba'in.